Sauya jarumai a ci gaban Lonesome Dove: tambayoyin da masu kallo suka fi yi

Waɗannan tambayoyi suna yawan tasowa tsakanin waɗanda suka kalli Lonesome Dove suka so shi, suka nemi ci gabansa, sai suka tarar wasu mutane daban ne a kan dawakan. Wanda bai kalli na farkon ba ya sani cewa amsoshin sun tona ƙarshen labarin, domin maganar ba ta yiwuwa sai an faɗi wanda ya mutu da wanda ya rayu.

Mene ne Lonesome Dove, kuma me ya sa har yau ake maganar sauya jarumansa?

Fim ne na kaboyi da gidan talabijin na CBS ya nuna a Amurka cikin watan Fabrairun 1989, kashi huɗu a dare huɗu, jimilla wajen awa shida. An ɗauko shi daga littafin Larry McMurtry na 1985, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1986. Simon Wincer, mutumin Ostireliya, shi ya ba da umarni, Bill Wittliff kuma ya mayar da littafin rubutun fim. Labarin tsofaffin dakarun Texas Rangers biyu ne, Augustus McCrae da kowa ke kira Gus, da Kyaftin Woodrow Call, waɗanda suka tattara garken shanu daga bakin kogin Rio Grande suka nufi Montana. Tafiyar ta ci rayukan mutanensu da dama. Robert Duvall ne Gus, Tommy Lee Jones ne Call.

A wancan lokaci ana ganin kasuwar fim ɗin kaboyi ta riga ta mutu. Sai ga gidaje kimanin miliyan 26 sun zauna kallo, fim ɗin ya ci kyautar Emmy bakwai daga cikin 18 da aka sa shi takara, Duvall kuma ya ɗauki Golden Globe. Abin da ya kama mutane shi ne zaman waɗannan biyun: Gus mai surutu da raha da son hutawa a inuwa, Call mai ƙarancin magana wanda bai san komai ba sai aiki. Wanda ya yi awa shida tare da su ya san tafiyarsu da muryarsu da yadda kowannensu ke zama a kan sirdi. Don haka duk wanda aka kawo daga baya, da wannan mudun aka auna shi.

Fim nawa ne gaba ɗaya, kuma wa ya fito a matsayin wa?

Biyar ne, ban da shirin mako-mako. Bayan na 1989 sai Return to Lonesome Dove a 1993, inda Jon Voight ya zama Call. Sai Streets of Laredo a 1995, da James Garner a matsayin Call ya tsufa. Daga nan aka koma baya zuwa ƙuruciyarsu: Dead Man's Walk a 1996, David Arquette ne Gus, Jonny Lee Miller ne Call, sai Comanche Moon a 2008, inda Steve Zahn ya zama Gus, Karl Urban ya zama Call. A shirin mako-mako da aka fara a 1994 kuma, Lee Majors ya leƙo a matsayin Call, Scott Bairstow ya karɓi matsayin Newt, yaron da ya taso a hannun Gus da Call, daga hannun Rick Schroder.

Idan aka ƙirga, mutum shida ne suka sa hular Call, uku suka zama Gus, huɗu suka zama Clara, tsohuwar masoyiyar Gus. Ba a taɓa samun fim biyu a jere da Call ɗaya ba.

Me ya sa ba a dawo da Duvall da Jones kawai ba?

Na Duvall a fili yake: Gus ya mutu. An harbe shi da kibiya a Montana, aka yanke masa ƙafa ɗaya a Miles City, ya ƙi yarda a yanke ta biyun, ruɓa ta kashe shi. Kafin ya cika ya roƙi Call ya mayar da gawarsa Texas, kuma wannan doguwar komawa ita ce ƙarshen fim ɗin. Ba wata ƙofa da aka bari da za a shigo da shi ta cikinta.

Jones kuwa bai koma ba. A 1993, shekarar da aka yi ci gaban, ya fito a The Fugitive tare da Harrison Ford, rawar da ta ba shi Oscar. Haka abin yake da irin wannan gajeren shiri mai kashi-kashi: ana ɗaukar 'yan wasa ne don aiki ɗaya a gama, ba kamar shiri mai dogon zango ba inda ake ɗaure su da yarjejeniyar shekaru. Idan shirin ya yi nasara, shi da kansa yake ɗaga darajar jarumansa har su fi ƙarfin ci gabansa. Sai a wayi gari gidan talabijin yana da suna mai kawo kuɗi, amma mutanen da suka yi wa sunan daraja sun yi gaba.

Shin Jon Voight ya gaza ne a matsayin Call?

Ban yarda ya gaza ba, kuma ina ganin an yi masa rashin adalci. Voight ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, yana da Oscar tun daga Coming Home na 1978, kuma ya shiga aikin da gaske: furfura, gemu, kafaɗa a sanƙame, magana a taƙaice. Amma an ajiye shi a wuri mafi wuya. Return to Lonesome Dove ya tashi ne daga daidai inda na farko ya tsaya, Call ya gama binne Gus, ya yanke shawarar kora dawakan daji daga Texas zuwa Montana. A cikin labarin kusan ba a yi wani dogon lokaci ba. Mai kallo ya bar mutum da wata fuska da wata murya, ya dawo ya tarar da wata, kuma labarin bai ba shi wani dalili da zai rarrashi idonsa da shi ba.

Akwai kuma bambancin jiki da ba a koyonsa a wata uku. Jones haifaffen San Saba ne a Texas, mai gonar kiwo, mahayin doki tun asali, harshen yankin kuma nasa ne. Yana ɗan shekara arba'in da kaɗan aka rina masa gashi fari, amma zafin da ke ƙarƙashin shirun Call nasa ne, shi ya sa ranar da ya yi wa wani ɗan leƙen hanyar soja dukan kawo wuƙa a Ogallala saboda ya zane Newt da bulala, ba wanda ya yi mamaki, sai tsoro. Voight, mutumin Yonkers ta jihar New York, ya kawo Call mai taushin ido, wanda baƙin cikinsa ke fitowa fili. Wannan ba laifi ba ne a wasa. Wani mutum ne daban kawai aka ba shi sunan wancan.

Babbar matsalar dai ba daga Voight take ba. Call mutum ne da ba ya faɗin abin da ke ransa, Gus ne yake faɗa masa, yana tsokanarsa, yana tona shi a gaban jama'a. Ta bakin Gus muka san cewa Newt ɗan Call ne, ta bakinsa muka san abin da Call ya yi wa Maggie, uwar yaron. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da aka cire Gus, dole marubutan su buɗe bakin Call don labari ya tafi, kuma da zarar Call ya fara bayyana zuciyarsa ya daina zama Call. Ko Jones ne ya dawo, da wannan ramin zai tarar. An gwada cike shi da Gideon Walker, wani tsohon Ranger da William Petersen ya fito a matsayinsa, da Isom Pickett na Louis Gossett Jr., har da wata Agostina Vega da aka ce 'yar Gus ce. Dukkansu sun yi ƙoƙari, amma babu mai shekara talatin na abota da Call da zai ba shi damar gaya masa gaskiya.

Ai wasu daga cikin 'yan wasan farko sun dawo. Wannan bai rage zafin ba?

Sun dawo: Rick Schroder a matsayin Newt, Chris Cooper a matsayin July Johnson, Tim Scott a matsayin Pea Eye, tsohon Ranger mai bin Call, da William Sanderson da Barry Tubb. A takarda wannan riba ce. A ido kuwa sau da yawa yana ƙara fito da ɗinkin. Idan Newt na gaske ya tsaya yana duban wani baƙo yana ce masa Kyaftin, mai kallo yana tuna ainihin wanda ya miƙa wa yaron dokinsa da agogon mahaifinsa, ya kasa furta masa cewa shi ɗansa ne. Tsohuwar fuska kusa da sabuwa tana hana mutum mantawa.

Masu bin shirye-shiryen Hausa masu dogon zango sun san wannan ji, ranar da aka wayi gari wata ta maye gurbin jarumar da aka saba da ita, sauran 'yan gidan kuma suna nan yadda suke, suna kiranta da sunan waccan. Sauya kowa gaba ɗaya yakan fi sauƙin haɗiyewa, kamar yadda za a gani a amsar da ke biye kan James Garner.

To me ya sa Garner ya fi shiga rai, alhali shi ma bai yi kama da Jones ba?

Dalili na farko lokaci ne. Streets of Laredo ya tsallake shekaru masu yawa. Gonar Montana ta rushe, Call ya tsufa, idonsa ya rage, hannunsa ya yi nauyi, ya koma farautar masu laifi don lada. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauke shi ya kamo Joey Garza, wani matashi ɗan Meziko mai fashin jirage da harbi daga nesa. Garner yana ɗan shekara 67 a lokacin, da gwiwoyi masu ciwo na gaske, tsufan ba na kwalliya ba ne. Mutum yana iya yarda cewa shekaru sun sauya fuska, sun sauke murya, sun rage zafin rai.

Na biyu, kusan kowa aka sauya: Sissy Spacek ta zama Lorena, wadda a nan matar Pea Eye ce, Sam Shepard ya zama Pea Eye. Ba wanda ya rage da zai riƙa tuna maka da na da. Na uku kuma, McMurtry ne ya rubuta littafin a 1993, shi da Diana Ossana suka rubuta fim ɗin, Joseph Sargent ya ba da umarni. Marubucin ya san cewa Call ba tare da Gus ba gurgu ne, don haka bai nemo masa sabon aboki ba, sai ya mai da wannan rashi ya zama labarin. Call ya yi kurakurai da a da ba zai yi ba, aka harbe shi, Lorena ta yanke masa ƙafa da wuƙa a daji, daga baya ya rasa hannu. Mutumin da bai taɓa neman taimakon kowa ba ya ƙare ana ɗaukarsa ana ajiyewa.

Wani abu mai daɗi shi ne an san Garner da raha da daɗin baki tun daga Maverick da The Rockford Files, wato ɗabi'ar da ta fi kusa da ta Gus. An ma nemi ya shiga fim ɗin farko, rashin lafiya ta hana. Ganin mutumin da aka saba yana sa dariya ya haɗiye fara'arsa gaba ɗaya yana ƙara wa Call ɗinsa wani nauyi, kamar mai kallo na jiran murmushin da ba zai zo ba. A wurina shi ne sauyin da ya fi dacewa a duk jerin.

Wanne ne ci gaban gaskiya, Return ko Streets of Laredo? Newt yana raye ko ya mutu?

Ya danganta da wanda ka bi, domin biyun ba sa haɗuwa. Return to Lonesome Dove ba McMurtry ya rubuta ba, John Wilder ne, Mike Robe ya ba da umarni. A cikinsa Newt yana raye, ya faɗa hannun wani attajirin makiyayi, Gregor Dunnigan, wanda Oliver Reed ya fito a matsayinsa, da matashiyar matarsa da Reese Witherspoon ta taka tana yarinya. Labarin ya karkata zuwa ba uba da ɗa abin da fim ɗin farko ya hana su, shi ya sa a shirin mako-mako ake kiran yaron Newt Call. A wurin McMurtry kuwa Newt ya mutu tun kafin a buɗe Streets of Laredo, dokin da Call ya ba shi ne ya yi ajalinsa, kuma uban bai taɓa ba shi sunansa ba.

Wannan ya shafi maganar sauya jarumi kai tsaye. Abin da mutane da yawa ke ɗora wa Voight, cewa Call ɗinsa ya yi laushi, daga rubutun ya fito. An sauya marubuci da darakta da jarumi a lokaci ɗaya, amma jarumin ne kaɗai ake gani, don haka shi ya kwashi laifin.

Matan fa? Ba a cika maganar sauya Clara da Lorena ba.

Ya kamata a yi, musamman Clara. Anjelica Huston ba ta daɗe a fim ɗin farko ba, amma ita kaɗai ce ta tsaya ta gaya wa Call a fuskarsa cewa shi da Gus sun ɓata wa juna rayuwa, kuma ya fi daraja alkawarin da ya yi wa gawa a kan ɗansa mai rai. Doguwa ce, mai kaifin murya, tana kiwon dawakai a Nebraska ga miji kwance ba ya motsi. Barbara Hershey da ta gaje ta a 1993 ƙwararriya ce, sai dai rubutun ya raba Clara da gidanta, ya haɗa ta tafiya da mutumin da ta tsana, ya kuma nemo mata sabuwar soyayya. Ƙiyayyar da ke tsakaninta da Call na daga cikin gaskiyar labarin, da aka sassauta ta sai duka biyun suka ragu. Daga baya Jennifer Garner da Linda Cardellini sun fito a matsayin Clara tana budurwa, kuma nasu ya zo da sauƙi saboda dalilin da ke cikin amsar ƙuruciyar Gus da Call a ƙasa.

Na Lorena ya fi dacewa. Diane Lane ta nuna ta tana matashiya a gidan giya na Lonesome Dove, wadda ɗan fashi Blue Duck ya sace aka wulaƙanta ta har ta daina magana. Spacek ta karɓe ta tana malamar makaranta, matar aure mai 'ya'ya, wadda ta hau hanya ita kaɗai don nemo mijinta. Fuskar ba ɗaya ba ce, amma tsoron da ke dawo mata idan ta ji sunan Mox Mox, ɗaya daga cikin mutanen wancan zamani, ya ɗinke matan biyu wuri guda.

Pea Eye na Sam Shepard kamar wani mutum ne daban. Kuskure ne?

Daban ne ƙwarai. Tim Scott ya yi shi dogo, siriri, mai jinkirin fahimta, mai bin umarnin Kyaftin ba tambaya. Scott ya rasu a 1995. Shepard, wanda marubucin wasan kwaikwayo ne mai Pulitzer, ya kawo mutum natsattse mai kwarjini, manomi mai iyali da ke auna ko ya bi tsohon shugabansa ko ya zauna da matarsa. Wanda ya riƙe Pea Eye na da a ransa zai sha wuyar gane shi. Sai dai labarin na buƙatar mai kallo ya yarda cewa Lorena za ta auri wannan mutum ta ƙetare daji dominsa, kuma Shepard ya sa an yarda. An sayi wannan da farashin ci gaban halin mutumin, kuma ina ganin cinikin ya biya, ko da yake na san masu ƙaunar Scott ba za su yarda ba.

A finafinan ƙuruciyarsu, ya fi kyau sabon jarumi ya kwaikwayi na da ko ya yi nasa?

Komawa baya tana ba da uzuri mafi ƙarfi, domin ba wanda zai ce a kawo Duvall ya zama ɗan shekara ashirin. Dead Man's Walk, wanda ABC ta nuna, ya kai mu farkon shekarun 1840, samarin biyu sun shiga wata tafiyar yaƙi zuwa Santa Fe da ta ƙare da yunwa da kamu. Arquette da Miller, wanda ɗan Ingila ne, ba su wahalar da kansu wajen kwaikwayo ba. Yara ne masu tsoro da wauta, ba su zama kowa ba tukuna, kuma nauyin fim ɗin yana kan manya irin su Keith Carradine da F. Murray Abraham da Edward James Olmos. Wannan ya ɗauke musu kaya, ko da yake da wuya ka dubi Gus na Arquette ka hango dattijon da zai zama.

Comanche Moon ya fi kusa da lokacin fim ɗin farko, Wincer kuma ya dawo kujerar darakta, don haka tambayar ta fi tsanani. Steve Zahn ya zaɓi kwaikwayo: yadda Duvall ke motsa hannu idan yana magana, yadda yake karkata kai, har da sautin dariyarsa. Ya iya ƙwarai, wani lokaci har tsikar jiki ta tashi. Illar ita ce kowane motsi yana tuna maka da wanda ba ya nan, sai ka koma auna kama maimakon bin labari. Karl Urban, mutumin New Zealand, ya ɗauki shirun Call da tsayuwarsa bai bi muryar Jones sau da ƙafa ba. Nasa bai kai na Zahn ɗaukar ido ba, amma bai tsaya tsakaninka da labarin ba.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne ɗan wasa ya ɗauki abu ɗaya ko biyu da za a gane mutumin da su, sauran ya gina daga rubutu. Duvall kansa ba wanda ya kwaikwaya. Call aka fara ba shi, ya ce shi Gus yake so.

Shin a fim ɗin kaboyi sauya jarumi ya fi ciwo fiye da sauran finafinai?

Ina ganin haka ne. Magana kaɗan ce a irin wannan fim, fili ne mai faɗi da mutum a kan doki, sau da yawa daga nesa. Halin mutum yana fitowa ta tafiyarsa, yadda yake sauka daga sirdi, yadda yake shiru. Waɗannan na jikin ɗan wasa ne, ba a rubuce suke ba balle a miƙa wa wani. The Magnificent Seven na 1960 misali ne: Yul Brynner ya dawo a na 1966 amma Robert Fuller ya maye gurbin Steve McQueen, sannan George Kennedy ya zama Chris, rawar Brynner, a 1969, Lee Van Cleef a 1972. Sunan yana nan, amma na farkon kaɗai ake tunawa. Haka Warren Oates, gwani ne na gaske, ya ɗauki Rooster Cogburn a wani fim ɗin talabijin na 1978 bayan John Wayne ya ci Oscar da wannan rawa a fim ɗin True Grit, aikin ya wuce ba a ji ɗuriyarsa ba. Da Jeff Bridges ya ɗauke ta a 2010 kuwa ta karɓu, domin sabon fim ne daga tushe, an koma littafin, ba a ce ci gaban na Wayne ba ne.

Duk da haka kada a ɗauka an halicci Gus da Call don Duvall da Jones. A farkon shekarun 1970 McMurtry ya rubuta labarin a matsayin fim tare da Peter Bogdanovich, da niyyar John Wayne ya zama Call, James Stewart ya zama Gus, Henry Fonda ya zama Jake Spoon. Wayne ya ƙi, aikin ya kwanta, daga baya marubucin ya mai da shi littafi. A bayansu kuma akwai mutanen gaske, Charles Goodnight da Oliver Loving, makiyayan da suka buɗe hanyar shanu daga Texas. Loving ya mutu a 1867 bayan raunin da ya samu a hannun mayaƙan ƙabilar Comanche, aka mayar da gawarsa Texas kamar yadda ya roƙa.

Akwai wata hanya da ta fi sauya jarumi?

Akwai jira. Shirin kaboyi na Deadwood ya tsaya a 2006, aka yi shekara 13 kafin a tara Timothy Olyphant da Ian McShane da mafi yawan sauran a fim ɗin 2019, labarin ma aka matsar da shi gaba da kimanin shekara goma don tsufansu ya zama na gaskiya. Akwai kuma barin tsofaffin a huta a bi wasu mutane a duniya ɗaya, ko a koma kakanni, kamar yadda shirin da ake kira 1883 ya yi wa shirin Yellowstone. Amma gidan talabijin da ke da suna mai zafi a hannu ba ya son jira, kuma a 1993 CBS ba ta jira littafin McMurtry ya zama fim ba.

Ban kalli ko ɗaya ba. Ta ina zan fara?

Fara da na 1989, ko da yake a tsarin labari shi ne na uku. Idan ka fara da na ƙuruciya za ka san Gus ta hannun mai kwaikwayon Duvall kafin ka ga Duvall, kuma wannan asara ce da ba ta gyaruwa. Bayan shi ka ba kanka 'yan makonni, kada ka shiga na gaba a daren da ka gama, sannan ka kalli Streets of Laredo. Ka shirya, ya fi na farko duhu da zubar da jini, kuma babu mai ba ka dariya a cikinsa. Daga nan Dead Man's Walk, sai Comanche Moon.

Return to Lonesome Dove ka bar shi ƙarshe, ka kalle shi a matsayin labari mai zaman kansa game da wani tsohon Ranger da garken dawakai da yaron da ke neman uba. A haka yana da abin kallo: filayen Montana, Gossett a kan doki, Oliver Reed, da Dennis Haysbert a matsayin mugu Cherokee Jack. Idan kuma za ka iya karatun Turanci mai tsawo, littattafan huɗu suna nan, Lonesome Dove na 1985, Streets of Laredo na 1993, Dead Man's Walk na 1995 da Comanche Moon na 1997, kuma gara ka bi su a yadda aka wallafa su.